Sarauniyar Lugu da Sarauniyar Littafi

A shekarar 1980 ne kamfanin ɗab'i na L'Harmattan da ke birnin Paris ya fitar da wani ɗan littafi na Faransanci, wanda bai kai shafi 200 ba, mai suna Sarraounia. Sunan da ke bisa bangonsa, Abdoulaye Mamani, ba baƙo ba ne ga ƴan bokon Nijar, musamman na Damagaram. Dattawa sun san shi ɗan Sawaba, matasa kuwa sun san shi da rubutattun waƙoƙi. Abin da ba a san shi da shi ba shi ne ƙagaggen labari. Wannan ne na farinsa, ya kuma fito yana da shekara 48 a duniya.

Duk wanda ya taɓa son wani marubuci ya san halin da ake shiga idan aka ce ga sabon littafinsa ya iso. Akwai ɗoki, akwai kuma fargaba irin ta mai tarbon ɗan'uwan da ya daɗe a ci-rani: ko ya sake hali, ko har yanzu shi ne. Mai karatu yakan buɗe irin wannan littafi da abin da yake son gani a zuciyarsa, kuma sau da yawa abin da ya zo da shi ɗin ne yake tararwa a ciki. Haka ta faru da Sarraounia. Masoyan Mamani suna neman tarihin da lakkol ba ta ba su ba, suka same shi a cikin ƙagaggen labari, suka karɓe shi a matsayin tarihi, daga baya ƙasa baki ɗaya ta bi sahunsu.

An haifi Mamani a 1932 a Gudumariya, can ƙasar Manga, amma Damagaram ce garin da ya zama nasa. Tun yana saurayi ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago, ita kuma ta kai shi ga siyasa a bayan Jibo Bakari. Ranar 28 ga Satumba 1958, da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka, Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a, wato a karɓi ƴancin kai nan take kamar yadda Gine ta Seku Ture ta yi. Gwamnan mulkin mallaka da mafi yawan sarakuna suka tsaya a ɗaya gefen, sakamakon da aka bayyana kuma ya ba masu cewa i rinjaye. Jibo ya rasa gwamnati, a Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyarsa. Mamani yana cikin waɗanda suka bar ƙasa. Ya zauna a Gana da Mali, ya daɗe a Aljeriya, kuma a wannan zama na gudun hijira ne aka buga kundin waƙoƙinsa Poémérides a 1972. Bayan da sojoji suka kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974 ya komo gida, amma ba a daɗe ba gwamnatin Seini Kunce ta tsare shi, kamar yadda ta tsare Jibo Bakari kansa.

Wanda ya san wannan duka, idan ya buɗe littafi ya tarar da mace guda ta ce a'a alhali sarakunan da ke kewaye da ita sun sunkuyar da kai, da wuya ya hana zuciyarsa ganin 1958 a cikin 1899. Marubucin bai faɗi haka ba, ba ya ma buƙatar faɗi.

Masu karanta Faransanci a lokacin kaɗan ne, galibinsu malaman lakkol da ma'aikatan gwamnati da ɗaliban lise da na jami'ar Yamai. Littafi daga waje yake zuwa, da tsada, shi ya sa kwafi guda kan zagaya hannuwa da yawa har bangonsa ya ɓalle. Ba wai ƙasar ta rasa marubuta ba ne. Gros plan na Ide Umaru da Quinze ans, ça suffit! na Amadu Usman sun fito a 1977, Abboki na Halilu Sabbo ya biyo su a 1978. Amma waɗannan a kan rayuwar zamani suke, ofis da yunwa da ci-rani. A darasin tarihi kuwa, in aka zo kan waɗanda suka turje wa Turawa, sunayen da suka fi fitowa su ne Samori da Behanzin da Alhaji Umaru Tal, dukansu mutanen wasu ƙasashe. Hausawa suka ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Ayarin 1899

Kafin a yi hukunci a kan littafin, ya kyautu a tuna da abin da ya auku. Ranar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta raba musu ƙasar da ke gabas da kogin Isa. Faransa ta ƙudurta haɗa abin da ta mallaka a Aljeriya da Sudan da Kwango a bakin Tafkin Cadi, sai ta tura ayari uku: na Foureau da Lamy ta hamada, na Gentil daga kudu, na ukun kuma daga yamma a ƙarƙashin Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine. Waɗannan biyun su ne suka ci Wagadugu a 1896, kuma tun can aka san hannunsu da jini. Chanoine ɗan janar ne, mahaifinsa ya ma riƙe muƙamin ministan yaƙi na ɗan lokaci a 1898.

Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙaƙen fata da aka ɗibo daga Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da dabbobi, har jimillar ta doshi mutum 2000. Irin wannan taro, da rani, a ƙasar da rijiya ɗaya ke shayar da gari guda, ba shi da abin ci sai abin da ya ƙwata. A watan Janairun 1899 suka afka wa Sansane Hausa a bakin kogi, suka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. Daga nan duk garin da ya yi jinkirin kawo hatsi ko ruwa ko ƴan dako, wuta ce rabonsa. A watan Mayu suka ci Birnin Ƙonni, kisan da aka yi a can shi ne mafi muni a duk tafiyar.

Labarin ya isa Paris ta wata hanya da ba a zata ba. Wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da idonsa ya gani, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga hukuma. Aka tura Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Bai sha wahalar gane hanya ba, garuruwan da aka ƙone da rijiyoyin da aka cika da gawa su suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, sa'an nan ya shaida wa sauran hafsoshi cewa shi ya fita daga Faransa, daula tasa zai kafa. Sojojinsa suka juya masa baya. Suka kashe Chanoine ranar 16, suka kashe shi ranar 17, aka binne su a Mai Jirgi. Ayarin bai watse ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba da shi, suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga Damagaram a ƙarshen watan, Joalland da Meynier kuma suka ƙarasa Tafkin Cadi. Faransa ta ɗora laifin a kan haukan da zafin Sudan ke sa wa Bature, ta rufe bincike a 1902, ta riƙe ƙasar.

A cikin wannan doguwar tafiya, Lugu tasha ɗaya ce. Ƙauye ne na Azna a ƙasar Arewa, cikin yankin Dogon Dutsi, kuma ayarin ya iso shi ranar 16 ga Afrilu 1899. Mutanen wurin suka ƙi gudu tun farko, suka tare da baka da kibiya, da wuta ta yi yawa suka janye cikin kurmin da ke kusa suka ci gaba da harbi daga can. Bisa lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7000. Suka cinna wa garin wuta suka wuce, ba su kama Sarauniya ba. Joalland, a littafinsa Le drame de Dankori na 1930, ƴan layuka kawai ya ba ta, ya kuma kira ta tsohuwar mayya. Iyakar abin da takardun Turawa suka ajiye ke nan, ko kusa da haka.

Abin da Mamani ya gina a kan ƴan layuka

Mamani ya karanta takardun ayarin, ya saurari bakin dattawa, sauran kuma ya cike da basirarsa, kamar yadda kowane mai ƙaga labari yake da haƙƙin yi. Tsohuwar Joalland ta koma budurwa jaruma. Aka ba ta ƙuruciya: marainiya ce da wani tsoho mai suna Dawa, aminin mahaifinta, ya raina da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa. Aka ba ta masoyi, aka ba ta maroƙi, aka ba ta damisa ta zama tambarinta. Sarkin Arewa ya bi Nasara, amma ɗansa Ɗan Zaki ya ƙi, ya tafi Lugu da mutanensa. A ƙarshe Sarauniya ta komo kufan garinta ta sake gina shi, ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo, ba tambayar ƙabila ba tambayar abin bauta.

Wanda ya zo neman mawaƙin da ya sani bai rasa shi ba. Babi-babin gajeru ne, maganar tana tafiya da sauri, wurare da yawa kuma idan aka karanta su da ƙarfi kirari ake ji a ƙarƙashin Faransancin. Amma gwanintar da ta fi ko wace ita ce yadda marubucin ya riƙe jarumar tasa a nesa. Babi da yawa ba a Lugu suke ba. Mai karatu yana zaune a fadar wani sarki, ko a majalisar Sakkwato, ko a zangon Buzaye, ko a bakin wutar sojojin Voulet da dare, kuma ko ina zancen ɗaya ne, zancen matar da ba a gani ba. Tun kafin a yi yaƙin sunanta ya riga ya ci rabin ayarin. Wannan dabara ce ta wanda ya san yadda suna ke tafiya a ƙasar Hausa, daga kasuwa zuwa kasuwa, yana ƙara nauyi a hanya. Shafukan da suka fi tsayawa a rai su ne na sojojin nan baƙaƙe, waɗanda aka ɗauko daga nesa su kashe mutanen da ba su yi musu komai ba, suna tsoron Bature da rana suna tsoron Sarauniya da dare.

Sai dai abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne kuma ya rage masa. Mai karatu ba ya shiga zuciyar Sarauniya. Ba ta shakka, ba ta kuskure, ba a ganin ta tana auna ran mutanenta da za su mutu gobe. Tambari ce fiye da mutum. Masoyin marubuci yakan yafe irin wannan a karatun farko, domin yana cikin murna. A karatu na biyu ko na uku ne yake lura cewa ya fi sanin Voulet, da fushinsa da girman kansa, bisa ga yadda ya san matar da littafin ke ɗauke da sunanta.

Akwai kuma wata ƙaya da mai karatu Musulmi yake takawa. A cikin littafin, manyan Musulmi suna kallon Sarauniya a matsayin matsafiyar da ta daɗe tana gagarar su, har wasu na ganin ba laifi idan Nasara ya kawar musu da ita, sun manta cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ba a musun cewa akwai tsohuwar gaba tsakanin Azna da masu jihadi, ba a kuma musun cewa wasu masu sarauta sun haɗa kai da Faransa domin su rinjayi maƙwabtansu. A Dosso tun Nuwamban 1898 aka kafa barikin Faransawa da yardar gidan Zarmakoy. Amma duk wanda ya rufe littafin da tunanin cewa Azna ne suka tsaya Musulmi suka miƙa wuya, to, ya ɗauki tsarin labari a matsayin tsarin tarihi. Kuran Daga ya sa an kashe Kaftin Cazemajou a Damagaram a watan Mayun 1898, ya yi yaƙi a Tirmini, aka kashe shi a Satumban 1899. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashin Ingilishi, ya faɗi a Burmi a 1903. Alfa Saibu, malami makaho, ya tayar da Kobkitanda a ƙarshen 1905, ya ƙetara ya shiga tawayen Satiru a 1906. Kawusan ya kewaye barikin Agadas daga Disamban 1916 har cikin 1917. Mamani, mutumin Damagaram, ya san wannan sarai. Labarinsa ne ke buƙatar mace guda a tsakiyar fili, sai ya matsar da sauran gefe.

Malamin Hausa ba zai rasa tuna Ganɗoki ba a nan. Littafin Muhammadu Bello Kagara ya fito a 1934, daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Shi ma a kan zuwan Turawa yake, shi ma jarumi ne guda mai kirari, wanda ya fara da yaƙin gaske a ƙasar Kwantagora ya ƙare a duniyar aljannu. Amma Ganɗoki ya komo gida ya tarar da mulkin Ingilishi ya zauna, ya yi sulhu da shi, domin a ƙarƙashin wannan mulki aka rubuta shi, hukumarsa ce kuma ta buga shi. Sarraounia an rubuta shi shekara 20 bayan ƴancin kai, da alƙalamin wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, sai jarumar ta komo ba tare da ta durƙusa wa kowa ba. Kowane daga cikinsu ya fi ba da labarin shekarar da aka rubuta shi bisa ga shekarar da yake magana a kanta. Bambancin shi ne ba wanda ya taɓa ɗaukar Ganɗoki tarihi, aljannun sun hana.

Daga shafi zuwa allon silima

Abin da ya fitar da Sarauniya daga hannun ƴan boko shi ne silima. Med Hondo, ɗan Muritaniya kuma abokin Mamani, ya mayar da littafin fim. Niyyar farko a Nijar za a ɗauka, amma shirin da hukumomin ƙasar ya rushe, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi. Fim ɗin ya fito a 1986, ƴar wasa Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar FESPACO, Dokin Yennenga, a Wagadugu, birnin da Voulet ya ci shekara 91 kafin nan. A cikin wannan shekara ta 1987 aka kashe Sankara a Oktoba, Kunce kuma ya rasu a Nuwamba.

Da fim ɗin, Sarauniya ta sami fuska da tsawo da tufafin yaƙi, ta kuma sami fada mai ganuwa wadda Lugu ba ta taɓa mallaka ba. Ba Hausar Arewa ke bakinta ba, ba kuma ƙasar Dogon Dutsi ce a bayanta ba. Amma gani ya kori ji. Daga nan ta shiga darasin makaranta da waƙoƙin matasa da wasannin dandali, aka sa wa makarantu da shaguna sunanta, wani gidan rediyo da talabijin mai zaman kansa ya ɗauke shi, ƙungiyoyin mata suka riƙe ta abin misali. Bayan juyin mulkin 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girmamawa mai sunan Sarauniya Mangu. Matar da ɗan adawa ya zana yana fitowa daga kurkuku ta zama ta hukuma, kuma kowane zamani yana samun abin da yake nema a wurinta.

Wadda ke zaune a Lugu

Da yawa daga masu karatun 1980 sun ɗauka Sarauniya sunan mutum guda ne. Alhali sarauta ce, wadda ta girmi zuwan Turawa da nisa, ta kuma ci gaba bayansu. Mangu ita ce wadda ke kan gado a 1899. Sarauniyar Lugu shugabar addinin gargajiya ce ta Aznan Arewa, ita ke tsakanin mutane da iskokin ƙasa, ita ake nema a kan damina da annoba da zaman lafiya, tare da Baura na Bagaji. Ba a zaɓenta da shawara ko da ƙarfi. Idan mai ci ta rasu, akan ɗauki gawar a yi abin da ake kira tarkama, gawar ce ke nuna wadda za ta gaje ta. Wadda aka nuna kuwa ta bar rayuwarta ta da, ta shiga ɗaki, ba ta yawo, aikin hannunta kaɗin auduga ne. A kusa da garin akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai wa ƙara ya raba gaskiya da ƙarya.

Wannan mata ba ta yi kama da mai hawan doki da takobi ba. Ƙarfinta na wani iri ne, kuma shi ne ya sa manoma masu baka da kibiya suka tsaya gaban bindiga a ranar da garuruwan da suka fi nasu girma suka watse. Ana iya cewa ma wannan ya fi na littafin ban mamaki. Amma ƙasar da kusan dukan mutanenta Musulmi ne ta fi samun sauƙin rungumar jaruma mai kishin ƙasa bisa ga rungumar mai tsafi, sai ta ɗauki ta farkon ta bar ta biyun a ƙauyenta. Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Abdu Mumuni ta yi rubutu a 2009 a kan wannan mantuwa, Elara Bertho kuma ta bi sawun labarin daga takardun mulkin mallaka zuwa littafin zuwa fim, ta nuna yadda kowane mataki ya ƙara nasa. Wani abin lura shi ne labarin ya yi zagaye ya koma inda ya fito: yaron Arewa da ya shiga lakkol yakan dawo gida da Sarauniyar Mamani, ya tarar da ta kakarsa, sannu a hankali su biyun su cakuɗe a bakinsa.

Akwai wasu kuma da hasken Lugu ya dusashe. Mutanen Ƙonni da na Sansane Hausa da na Koran Kalgo, inda Klobb ya tarar da gawarwakin ƴan mata a rataye, ba su da jarumar da za a sa wa makaranta sunanta. Su ne mafi yawan waɗanda ayarin ya taɓa, kuma jikokin da yawa daga cikinsu suna nan a bakin babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, wadda a wurare da yawa take bin sawun ayarin. Ƙasa ta fi son tuna ranar da aka tsaya bisa ga watannin da aka sha kashi, wannan halin kowace ƙasa ne, amma watannin su ne suka haifi iyakokin da ake ciki.

Matsalar tana fitowa fili a aji. Malamin Faransanci yana koyar da littafin a matsayin adabi, malamin tarihi yana ba da shekara da wuri, ɗalibi kuwa yana haɗa su a takardar jarrabawa ya rubuta cewa Sarauniya ta sha nonon goɗiya ta kuma kori Faransawa daga ƙasar. Idan aka ce masa Dawa da Ɗan Zaki mutanen littafi ne, kuma ayarin ya ƙone Lugu ya wuce ya ci Damagaram bayan wata uku da rabi, yakan ji kamar an ƙwace masa wani abu. Wasu malaman sukan yi shiru saboda wannan. Amma ɗalibin da aka ɗora wa layukan Joalland da babin Mamani da bayanin tarkama a kan tebur guda, aka ce ya faɗi wa ya rubuta kowane, a wace shekara, don wa, ya fi wanda aka bar shi da hoton fim sanin Sarauniya, ya kuma fi shi ganin girman aikin da marubucin ya yi, tun da yanzu ya san ƙanƙantar abin da aka fara da shi.

Mamani bai ga yawancin wannan ba. Bayan Sarraounia masu karatunsa sun jira wani dogon labari daga hannunsa, shekara ta bi shekara bai fito ba. A 1993 ya taso daga Damagaram zuwa Yamai domin karɓar kyautar adabi ta Bubu Hama, ya rasu a haɗarin mota a kan hanya. A wannan shekara L'Harmattan ta tattara waƙoƙinsa a kundi guda. Wani labarin da ya bari a rubuce, Le Puits sans fond, sai a 2014 aka buga shi, shekara 21 bayan rasuwarsa, lokacin da ɗaliban lise na 1980 suka fara furfura, wasunsu ma sun kusa ajiye alli.